Yadda Ake Tsara Zangon Farko na Wasan Bidiyo a Kan Tafarkin Shigeru Miyamoto

Duk wanda ya taɓa kunna Super Mario Bros. ya san babu wanda ya zaunar da shi ya karanta masa ƙa'idar wasan. Ba a rubuta masa wane maɓalli ne na tsalle ba, ba a ce masa wannan maƙiyi ne wancan kuma kyauta ce ba. Amma kafin minti biyu su cika ya iya tafiya, ya iya tsalle, ya taka maƙiyi, ya bugi bulo da ka, ya tsallake rami. Zangon ne ya koya masa, kuma da gangan aka gina shi don ya yi wannan aikin. Wannan ita ce gwanintar da Shigeru Miyamoto ya fi suna da ita, kuma ita ce mai son ƙera wasa zai iya ɗauka ya yi aiki da ita tun daga wasansa na farko.

An haifi Miyamoto a 1952 a garin Sonobe da ke yankin Kyoto a ƙasar Japan. Ba ilimin kwamfuta ya karanta ba. Zanen kayan masana'antu ya koya a kwalejin fasaha ta Kanazawa, ya shiga kamfanin Nintendo a 1977 a matsayin mai zane. Mai zanen kujera ko abin wasan yara yana da tambaya guda da ba ta rabuwa da shi: idan mutum ya ga abin nan, shin hannunsa zai gane abin da ake yi da shi ba tare da an faɗa masa ba? Da wannan idon Miyamoto ya shigo harkar wasa. Damarsa ta farko kuwa asara ce ta kawo ta. Wani wasa mai suna Radar Scope ya yi kwantai a Amurka, injuna kusan 2,000 suka rasa mai saye, sai shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya ba shi aikin ƙirƙiro wani wasa da za a zuba a cikinsu, Gunpei Yokoi yana kula da shi. Abin da ya fito shi ne Donkey Kong a 1981. Daga nan sai Super Mario Bros. a 1985 tare da Takashi Tezuka, The Legend of Zelda a 1986, Super Mario 64 a 1996, Ocarina of Time a 1998, da Pikmin a 2001.

Kayan da za ka buƙata ba su da yawa: takarda mai gida-gida irin ta zanen lissafi, fensir da magogi, takarda shara-shara wadda ake hango ta ƙasa ta cikinta, da manhajar gina wasa. Godot kyauta ce kuma ta isa, GDevelop ma ta isa ga wanda bai iya rubuta manhaja ba tukuna. Sai mutum biyar da ba su taɓa ganin wasanka ba. Waɗannan biyar ɗin su ne mafi tsada a cikin kayan, domin kowanne sau ɗaya kawai yake zama baƙo ga wasan. Kada ka nuna musu komai sai lokaci ya yi.

Zaɓi aiki guda, ka gyara shi kafin komai

Kafin labari, kafin sunan jarumi, kafin kalar sararin sama, ka yanke shawarar aiki ɗaya da mai wasa zai yi ta maimaitawa sau ɗaruruwa. A Mario, tsalle ne. Sunan jarumin na farko ma a Donkey Kong Jumpman ne, wato mai tsalle. Da tsalle ake ƙetare rami, da shi ake kashe maƙiyi, da shi ake buɗe bulo, da shi ake hawa, da shi ake kama sandar tuta a ƙarshe. Marigayi Satoru Iwata, wanda ya shugabanci Nintendo, ya sha bayyana cewa a wurin Miyamoto dabara ta gari ita ce wadda take warware matsaloli da yawa a lokaci guda, kuma tsallen Mario misali ne da ake iya gani da ido. Idan ka ga kana ƙara maɓalli na uku da na huɗu don kowace matsala ta samu nata, to aikinka na asali bai nuna ba tukuna.

Buɗe fili babu komai: ƙasa a shimfiɗe, akwati huɗu ko biyar masu tsawo daban-daban, jarumi kuma murabba'i ne kawai mai launi ɗaya. A nan za ka zauna kwanaki. Masu aikin Super Mario 64 sun ɓata lokaci mai tsawo a farko suna gyara motsin Mario da kyamara a filin gwaji, har da zomon da ake kora, kafin su shiga gina zanguna. Dalilin a bayyane yake. Duk wani rami da za ka haƙa, duk wani bango da za ka gina, da tsalle ake auna shi. Ranar da ka canja tsawon tsalle bayan ka gina zango goma, ka rushe goman.

Ga lissafin da ya kamata ka fara da shi. Ɗauki gida ɗaya a matsayin ɗigo (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoton allo) 16 a tsaye, 16 a kwance, kamar yadda bulon Super Mario Bros. yake. Kada ka fara da zaɓen ƙarfin jan ƙasa da ka. Fara da abu biyu da ido ke iya gani: tsawon tsallen da lokacin da jarumi zai ɗauka ya kai ƙololuwa. A ce tsawon gida 4 ne, wato ɗigo 64, lokacin kuma sakan 0.4. Saurin tashi shi ne tsawo sau biyu a raba da lokaci, wato 128 a raba da 0.4, ya ba ka ɗigo 320 a sakan. Jan ƙasa kuwa tsawo sau biyu ne a raba da lokaci sau kansa, wato 128 a raba da 0.16, ya ba ka 800. Idan daga baya ka ji tsallen ya yi sanyi, rage lokacin zuwa 0.35 ka sake lissafin, tsawon yana nan yadda yake.

Tsallen da hawansa da saukarsa suke daidai da juna yakan zama kamar jarumin yana shawagi a cikin ruwa. Maganinsa shi ne ka ƙara jan ƙasa da zarar ya fara gangarowa: daga 800 zuwa kamar 1,400. Saukar za ta ɗauki kusan sakan 0.3, jimlar zamansa a sama ta zama 0.7. Sai ka sa iyaka ga saurin faɗuwa, kamar ɗigo 400 a sakan, don kada ya riƙa faɗowa da gudun da ido ba zai bi ba, ko ya ratsa ta cikin siririn dandamali saboda ya tsallake shi tsakanin firam biyu, wato hotuna biyu a jere cikin waɗanda allo ke zanawa kowane sakan.

Abu na gaba shi ne tsallen da ke jin hannu. A Mario, taɓa maɓalli kaɗan ɗan tsalle ne, riƙe shi kuma cikakken tsalle. Hanya mafi sauƙi ita ce: idan aka saki maɓalli alhali jarumi yana kan hawa, raba saurin hawansa biyu nan take. Ba tare da wannan ba, mai wasa ba shi da ta cewa daga lokacin da ƙafa ta bar ƙasa, kuma za ka ga yana buga kai a rufi ba da son ransa ba.

Na tafiya a kwance, fara da gida 6 a sakan idan ana tafiya, gida 10 idan ana gudu. Kada jarumi ya kai cikakken sauri nan take. Ba shi kamar sakan 0.25 ya kai, da sakan 0.12 zuwa 0.15 ya tsaya. Idan tsayawar ta wuce haka, za a ce yana santsi kamar a kan ƙanƙara. Idan babu ita gaba ɗaya, zai zama kamar katako.

Akwai sassauci biyu da masu ƙera wasa da suka zo daga baya suka ƙara a kan abin da Miyamoto ya kafa, kuma na ga ya dace kowa ya sa su. Na farko, bayan jarumi ya bar bakin dandamali, ka ƙyale maɓallin tsalle ya ci gaba da aiki na firam 5 ko 6, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Na biyu, idan aka danna tsalle firam 5 ko 6 kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, ka riƙe umarnin ka zartar da shi da zarar ya sauka. Mai wasa ba zai taɓa sanin suna nan ba. Idan babu su ne zai riƙa cewa ya danna amma wasan bai ji ba, kuma gaskiya yake faɗa.

Kuskuren da ya fi kama sababbin shiga a wannan mataki shi ne ɗaura lissafin motsi a kan saurin zanen allo. Sai tsallen ya kai gida 4 a wata na'ura, a wata kuma ya gaza. Sa duk lissafin motsi a agogo tsayayye mai bugawa sau 60 a sakan. Godot tana da irin wannan agogon a ware domin wannan aikin.

Auna jarumin, ka rubuta

Da tsallen ya zauna, ka auna shi a filin gwaji, kada ka dogara da lissafi kaɗai. Da alƙaluman da ke sama, tsalle daga tafiya zai ƙetare kusan gida 4, daga gudu kuma kusan gida 7, tsawo kuwa gida 4. Rubuta waɗannan a saman kowace takardar da za ka zana zango. A zangon farko kada ramin farko ya wuce rabin abin da jarumi yake iyawa, wato gida 2. Mafi faɗin rami a zangon kada ya wuce gida 3. Tsallen da ke buƙatar cikakken iyawar jarumi na ƙarshen wasa ne, ko na hanyar ɓoye da ba dole ba.

Karanta zango na 1-1, zangon farko na Super Mario Bros., kamar mai gini

Allon Famicom, na'urar wasan Nintendo da wasan ya fito a kanta, ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye, wato gida 16 da 15. Da wasan ya buɗe, Mario yana gefen hagu, fuskarsa tana kallon dama, gabansa fili fetal. Babu maƙiyi, babu rami. Wannan filin yana aiki biyu: yana nuna inda za a dosa, kuma yana ba hannu damar lalubar maɓallai ba tare da an hukunta shi ba. Idan mai wasa ya yi gaba, allon ba ya komawa baya, don haka babu ruɗani a kan alkibla.

Sai ga bulo mai alamar tambaya yana ƙyalli a sama, ga kuma wata ƙaramar halitta mai siffar naman kaza mai haɗe gira tana tahowa a hankali. Wannan ita ce Goomba. Tana tafe a miƙe, ita kaɗai, a fili shimfiɗaɗɗe. Wanda bai yi komai ba za ta taɓa shi ya mutu, amma abin da ya rasa bai wuce tafiyar 'yan sakanni ba, kuma ya koyi darasin da ba zai manta ba. Wanda ya yi tsalle kuwa, ko dai ya ƙetare ta, ko ya faɗo a kanta ta baje, ko kansa ya bugi bulo kwandala ta fito. Duk ukun ilimi ne. Abin lura a nan shi ne Goomba a makare aka ƙirƙiro ta. Kunkurun Koopa ne maƙiyin da ake da shi, sai aka ga ya yi wa sabon shiga wuya domin taka shi ba ya gama da shi, ƙoƙon bayansa yana nan yana iya dawowa. Sai aka yi wanda taki ɗaya ya ishe shi. Idan maƙiyinka na farko yana buƙatar fahimtar abu biyu, ka ajiye shi, ka yi wanda ya fi shi sauƙi.

Wurin da gwanintar ta fi fitowa shi ne naman kaza mai ƙara girma. Matsalar ita ce: yanzun nan mai wasa ya koyi cewa abu mai motsi mai siffar naman kaza yana kisa. To yaya za a sa ya taɓa wani naman kazan? Ga yadda aka yi. Yana fitowa daga bulon da ke cikin jerin bulo biyar, ya bi ta samansu zuwa dama, ya faɗo ƙasa, ya bugi koren bututu na farko, ya juyo yana tunkarar Mario. Mai wasa zai so ya tsallake shi kamar yadda ya yi wa Goomba, amma jerin bulon yana saman kansa, tsallen ba zai yi nisa ba, sai ya faɗo a kansa. Maimakon mutuwa sai ya ga Mario ya ninka girma. Bututun da rufin bulon an ajiye su ne daidai inda za su sa hakan ta faru. Gani ya kori ji. Duk lokacin da kake da kyautar da za a iya ɗauka a matsayin haɗari, ka gina wurin yadda zai yi wuya a kauce mata a karon farko.

Bayan nan sai bututu huɗu: na farko gida 2, na biyu gida 3, na uku da na huɗu gida 4. Ɗan taɓa maɓalli zai iya wuce na farko, amma ba zai wuce na uku ba. Mai wasa zai yi ta gwadawa har ya gano cewa riƙe maɓalli yana ƙara tsawo, kuma duk wannan gwajin babu rami a ƙarƙashinsa. Sai ya iya sannan ramin farko ya bayyana, mai faɗin gida 2.

Kusa da ƙarshe akwai matakala guda biyu suna fuskantar juna da tazara a tsakani. A karo na farko akwai ƙasa a tsakaninsu, wanda ya faɗa sai ya yi tsalle ya fito. Nan gaba kaɗan sai ga irin wannan ginin, amma yanzu rami ne a tsakani. Tsalle iri ɗaya ne, an bar shi ya gwada a inda kuskure ba ya kisa kafin a tambaye shi a inda yake kisa. Daga nan sai doguwar matakala mai hawa 8 da sandar tuta, inda wanda ya ƙware zai kama sama ya samu maki mai yawa, wanda bai ƙware ba ya kama ƙasa, kuma dukansu sun gama.

The Legend of Zelda ta yi irin wannan da wata fuska. Jarumi yana farawa ba shi da takobi, a allon farko kuma akwai baƙar ƙofar kogo da ido ba zai iya kauce mata ba. Wanda ya shiga zai samu takobi, kuma ya koyi cewa a wannan duniyar leƙa wuri yana da lada. Miyamoto ya sha danganta wasan da yawon da ya yi yana yaro a dazuzzuka da kogunan dutse na kewayen Sonobe.

Jera darasi hawa huɗu, ka zana a takarda

Koichi Hayashida, wanda ya jagoranci Super Mario 3D Land na 2011, ya bayyana tsarin da suke bi da sunan kishotenketsu, tsarin ba da labari mai hawa huɗu da ake amfani da shi a zanen barkwanci mai gida huɗu na Japan, irin wanda Miyamoto ya yi sha'awar zanawa tun yana yaro. A gabatar da abu, a faɗaɗa shi, a juya shi ta inda ba a zata ba, a rufe.

A ce sabon abin da kake son koyarwa dandamali ne mai faɗuwa sakan ɗaya bayan an taka shi. Da farko ka sa guda ɗaya a kan ƙasa mai lafiya, gida 2 kacal a sama, yadda wanda ya faɗo ba zai rasa komai ba. Sannan ka jera uku a kan rami, tazarar gida 2 tsakaninsu. Juyin shi ne ka sa kwandala ko ƙofa a ƙasa, yadda sai mai wasa ya tsaya da gangan dandamalin ya sauka da shi kafin ya samu. Abin da ya koya yana gudu ya zama abin hawa. A rufewa sai ka haɗa jeri ɗaya mai ɗan tsawo kafin tuta, ba tare da ka ƙara wani sabon abu ba. A zangon farko, sababbin abubuwa uku ko huɗu sun isa, kuma kada biyu su shigo a allo ɗaya.

Zangunan Super Mario Bros. a takarda mai gida-gida aka zana su, aka miƙa wa Toshihiko Nakago da abokan aikinsa suka shigar a na'ura. Idan za a yi gyara sai a ɗora takarda shara-shara a sama a zana canjin. Ka yi haka kai ma, domin gogewa da magogi ta fi rushe gini a manhaja sauƙi, kuma a takarda kana ganin zangon gaba ɗaya a kallo guda. Ja layi a tsaye bayan kowane gida 16 don ka san abin da mai wasa yake gani a lokaci ɗaya. Tsawon 1-1 ya ɗan haura gida 200, kuma gida 180 zuwa 220 ma'auni ne mai kyau. Bayan kowane wuri mai wuya ka bar fili na gida 6 zuwa 8 babu komai, hannu ya huta. Ka sa wurin farfaɗowa a tsakiya, inda wanda ya mutu zai ci gaba daga nan. Sannan ka ɓoye abu ɗaya ko biyu ga mai bincike, kamar yadda bututu na huɗu a 1-1 yake kaiwa ɗakin kwandaloli a ƙarƙashin ƙasa.

Kyamara ma tana cikin zane. Ajiye jarumi a wajen kashi 40 cikin 100 daga hagun allo, yadda zai hango gida 9 ko 10 a gabansa. A gudun gida 10 a sakan, sakan ɗaya ke nan tsakanin ganin haɗari da isa gare shi. Ido da hannu suna cin kusan rubu'in sakan kafin su amsa, ragowar ta yanke shawara ce. Kada ka taɓa sa tsallen da ba a ganin wurin saukarsa. Idan dole ne a faɗa ƙasa, jera kwandaloli su nuna hanya.

Na zane da sauti, ƙa'idar ita ce a gane abu a kallo ɗaya. Hular Mario ta zo ne don a huta da zanen gashi mai motsi, gashin baki don hanci ya fito, wandon aiki mai igiya a kafaɗa kuma don a ga motsin hannu, duk saboda ɗigon da ake da su kaɗan ne. Dukan wasan Super Mario Bros. kilobait 40 ne, shi ya sa gajimare da ciyayi zane ɗaya ne aka canja masa launi. Abin da ba a takawa ka sa masa ƙaya, abin da ake bugawa ya yi ƙyalli, bayan fage kuma ya dushe. Akwatin karo na jarumi, wato iyakar da manhaja ke ɗauka jikinsa ne idan ya taɓa wani abu, ya gaza zanensa da ɗigo 2 ta kowane gefe, na taka maƙiyi kuma ya ɗan fi zanen faɗi. Kowane aiki ya samu sautinsa a firam ɗin da ya faru. Kiɗa kuwa ka bar shi sai motsi ya zauna: Koji Kondo, mai tsara kiɗan Super Mario Bros., ya ajiye kiɗan da ya fara yi wa wasan bayan ya ga bai dace da saurin gudu da tsallen Mario ba, ya sake wani.

Tsaya a bayan kafaɗa, ka yi shiru

Iwata ya ba da labarin yadda Miyamoto kan kamo ma'aikacin da bai taɓa ganin wasa ba, ya miƙa masa hannun wasa, ya koma bayansa ya tsaya yana kallo ba ya cewa uffan. Yanzu ne lokacin mutanenka biyar. Ɗaya bayan ɗaya za su shigo, kada wani ya kalli wasan wani. Ka riƙe kwafin zangon a takarda. Inda mutum ya mutu ka sa alama. Inda ya tsaya fiye da sakan 3 ka zagaye. Abin da ya wuce bai lura da shi ba ka ja masa layi. Zai juyo ya tambaye ka abin da zai yi, ka ce masa ya yi yadda ya ga dama. Wannan shirun yana da wuya ƙwarai, domin kana ganin amsar a gabansa, amma duk kalmar da ka furta ta ɓoye maka wani aibi da zai ci gaba da zama a wasan bayan ba ka nan.

Ka fi kallon hannunsa da fuskarsa a kan sauraron abin da zai faɗa daga baya. Mutane sukan ce wasa ya yi kyau don kara, amma yatsan da ke danna maɓalli sau uku a wuri ɗaya ba ya kara.

Idan uku daga cikin biyar suka mutu a wuri guda, laifin wurin ne. Sai ka gano irin laifin. Wanda ya mutu bai ko yi yunƙurin tsalle ba, bai ga haɗarin ba ne: duba kyamara da launi. Wanda ya yi tsalle ya gaza kaɗan, ramin ya yi faɗi ko babu filin ɗaukar gudu: rage gida ɗaya, ko ka ƙara gida 4 na shimfiɗa kafin bakin ramin. Wanda ya yi abin da ba shi ake so ba, darasin da ya gabata bai shige shi ba, don haka gyaran yana baya, ba a inda ya mutu ba. Wanda kuma ya tsaya yana waige-waige, wurin bai nuna masa alkibla ba. A duk waɗannan, rubutu a allo shi ne magani na ƙarshe. Fara da matsar da bulo.

Akwai kuskure guda da ya fi kama wanda ya daɗe yana buga wasansa: hannunsa ya ƙware har ya daina jin wuya. Nintendo ma ta taɓa shiga wannan. Ci gaban Super Mario Bros. da ya fito a Japan a 1986 an yi shi ne don waɗanda suka gama na farko, har da naman kaza mai guba da iska mai tura jarumi a tsakiyar tsalle. Reshen kamfanin na Amurka bai fitar da shi a lokacin ba, aka ba su wani wasan daban da sunan Super Mario Bros. 2 a 1988. A ganina naman kaza mai guba ya halatta ga ƙwararre da ya san ana gwada shi, amma a zangon farko cin amana ne: ka koya wa mutum cewa abu kyauta ne, sannan ka hukunta shi don ya yarda da kai.

Saboda wannan ne ya fi kyau ka gina zangon farko a ƙarshe. Miyamoto da Tezuka sun bayyana cewa sukan fara da zangunan da ke gaba, masu daɗin bugawa, sannan su dawo su yi na farko, lokacin da suka san ainihin abin da mai wasa yake buƙatar iyawa. Gina zango na uku da na huɗu, ka rubuta duk ƙwarewar da suke nema, sannan ka mai da wannan jerin ya zama abin da zangon farko zai koyar.

A Nintendo ana kiran wata ɗabi'ar Miyamoto da kifar da teburin shayi, wato ya zo a tsakiyar aiki ya ce a sake lale domin abin bai yi ba. Idan gwaji ya nuna cewa matsalar a tsallen take, ba a zangon ba, ka koma filin gwaji ka gyara, ka sake aunawa, ka sake zana ramukan bisa sabon ma'auni. Bayan kowane babban gyara ka nemo wasu sababbin mutum biyar, domin na farkon sun riga sun san inda naman kazan yake.